Na Rubuta Cewa Faɗuwa Ta Yi, Alhali Dukanta Aka Yi

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da ku masu karantawa. Don Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ni ba yaro ba ne, na haura sittin, furfura har a gira, kuma babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, lokaci kuma ya ƙure mini.

A da can a garinmu, idan mutum ya karye gidanmu ake kawo shi, domin mahaifina mai ɗori ne. Ba hoto, ba takarda. Zai shafa ƙafar da yatsunsa ya lumshe ido, ya gaya maka abin da ya faru kafin ka buɗe baki. Ina yaro aka taɓa kawo wata mata a amalanke, aka ce daga tsani ta faɗo. Baba ya taɓa ƙwaurinta sau biyu ya janye hannu, ya ce ba zai ɗaura kara ko ɗaya ba sai an kira mijinta da yayyenta maza. Da suka hallara ya dubi mijin ya ce, “Tsani ba ya dukan mutum ta gefe. Da taɓarya ka buge ta ko da itacen wuta?” A gaban kowa mutumin ya durƙusa. Haka ake yi a zamaninsu. Yanzu kuwa karaya lamba ce a cikin kwamfuta, kuma ni ɗan mai ɗorin nan aikina ke nan, sa wa ciwo lamba.

Na yi aikin adana bayanan marasa lafiya a Kano, na yi a Yamai, na yi a Hartum da Jidda, yanzu na fi shekara goma a wani asibitin kuɗi a nan Dubai. Ina jin Larabci da Turanci da Faransanci, har Urdu ina ɗan taɓawa. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Likita ya duba mutum ya rubuta abin da ya gani, ni kuma in karanta in mayar da shi lambobi, da su kamfanin inshora yake aiki, da su hukuma take aiki. Kowace karaya lamba biyu take ɗauka. Ta farko ta faɗi wane ƙashi ne, a ina ya karye, dama ko hagu. Ta biyu ta faɗi sanadi, mota ce, faɗuwa ce, ko hannun mutum ne. A Yamai a littafi muke rubutawa, bayan shekara biyu gara ta cinye. A Hartum in ka yi kuskure ka soke da biro ka wuce. A nan kuwa abin da ka shigar ba ya goguwa, yana nan da sunanka da ranar da sa’ar. Kuma ƙa’idar asibitinmu ce, duk raunin da aka ce mutum ne ya yi wa mutum, sai an sanar da ’yan sanda.

Akwai wani yaro da zan kira Nasiru, ba sunansa ba ne. Ɗan aminina ne marigayi, yana harkar kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Sabkha, yana tura wa ’yan kasuwar Kano kaya. Ni na tsaya masa da ya zo ƙasar nan, ni na karɓa masa aure. Matar zan kira ta Hajara. Suna zaune a unguwar Karama kusa da mu, da ’yarsu ƙarama guda ɗaya, kuma tun ranar da aka kawo ta Baba take ce mini.

Wata safiyar Talata ya kira ni a waya ya ce, “Baba, ga mu a asibitinku, Hajara ce ta ɗan zame.” Da ƙafarta ta shigo, tana dafa bango, tana taka ta hagu da ɗan yatsa. Wanda bai sani ba zai ce targaɗe ne. A ƙwauri ƙashi biyu ne, babba a gaba, da wani siriri ta gefen waje wanda likitoci suke ce wa fibula. Siririn ba shi ke ɗaukar nauyin jiki ba, shi ya sa mutum kan iya takawa da shi a karye. Likitar da ta duba ta, wata ’yar Indiya ce mai yawan shiru, ta ce mijin ya jira a waje. Da ta ga Turancin Hajara ya ƙi fita sai ta aika a kira ni, kamar yadda aka saba duk lokacin da aka sami Bahaushe. Na shiga bayan labule na ga ƙafar. Wani shati ne baƙi wuluk a gefen sha-raɓarta, faɗin yatsa biyu, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula. A jikin allo ga hoton ƙashin, ya rabu biyu a tsakiya, a gicciye, fes. Ban yi karatun likita ba, amma na girma ina riƙe wa mahaifina kara. Kafin kowa ya yi magana na san abin da nake kallo.

Likita ta ce in tambaye ta me ya faru. Hajara ta dube ni kamar wadda ta ga mahaifinta, ta ce, “Baba, da ƙarfen nan ne da yake ɓalle akwatunan katako.” Sai maganar ta ɓalle mata. Fasfonta ta roƙa, yana ajiye a wurinsa, tana so ta je ta ga mahaifiyarta. Ya mare ta, ta sake roƙa, ya shaƙe ta a jikin firiji har ta ga duhu. Da ya sake ta sai ta ruga bakin ƙofa, shi kuwa ya jawo ƙarfen daga bayan kujera. Bugun farko ya sami ƙofa, katakon ya tsage. Ya ce, “Kano ko? Bari in ga ƙafar da za ki tafi da ita.” Na biyu ya same ta. Ta ce ta ji ƙarar kamar an karya rake, ta faɗi tana amai don azaba, shi kuma yana tsaye a kanta yana cewa ta yi masa shiru kada maƙwabta su ji.

Me ya zo mini a rai a wannan lokacin? Zan faɗa ko da kunya za ta kashe ni. Ba ƙafarta na gani ba. Mahaifiyar Nasiru na gani, tsohuwar da mijinta ya rasu, da shi kaɗai ta dogara. Na ga ankwa, na ga gidan yari, na ga jirgin da za a sa shi a kore shi. Na ga Hausawan unguwar Deira bayan sallar Juma’a suna cewa dattijo yana tsaye aka ɗaure ɗan amininsa, da bakinsa ma aka ɗaure shi. Mu mutanenmu duk ƙasar da na je halinmu ɗaya ne, a rufa asiri a ƙasar mutane, kada bare ya ji, a kai wa manya su sasanta. Ni ne kuwa babban da ake kawo wa. Sai na juya na ce wa likita da Turanci, “Ta ce a matakala ta zame.”

Likitar ta cire tabarau ta ce, “Hajji, na daɗe ina kallon ƙashi. Matakala murɗe ƙafa take yi, ta karya can ƙasa kusa da idon sawu. Wannan a tsakiya yake, kuma ga shatin abu a fata. Sake tambayarta.”

Kusan maganar mahaifina ke nan, daga bakin wata baƙuwa. Na juya wurin Hajara, na gyara fuska kamar mai tambaya, na ce mata da Hausa, “’Yata, ki gyaɗa kai kawai. Ki bar mini shi, ni zan yi maganinsa. In ’yan sanda suka shigo maganar nan, ke ma bizarki a hannunsa take.” Ta dube ni. Sannan ta gyaɗa kai. Me za ta yi? Baba ya ce.

Da a nan na tsaya, da na ce tsoro ne na minti ɗaya. Amma bayan azahar fayil ɗinta ya iso tebur ɗina, kuma likitar ba ta yarda ba. A ƙasan bayaninta ta rubuta cewa yanayin karayar bai yi kama da faɗuwa ba, a sake bincikawa. Dokar aikina a bayyane take, in ka ga irin wannan ba ka rufe fayil, mayar wa likita kake yi da tambaya, a sanar da ofishin da ke kula da irin waɗannan maganganu. Na sa lambar farko daidai, S82.4, karayar tsakiyar siririn ƙashin, ƙafar hagu. A gurbi na biyu lamba biyu ne a gabana. Y00, duka da abu mai nauyi. W10, faɗuwa a matakala. Harafi ɗaya da alƙaluma biyu. Na san likitar za ta tafi hutu a ƙarshen makon, na san babu mai bin sawun tsoho irina da bai taɓa yin kuskure ba. Na danna W10, na rufe fayil, na tashi na je na sha shayi. Wallahi har sukari na ƙara.

Ranar Juma’a na zaunar da su a falona. Nasiru ya yi kuka da majina, ya dafa Alƙur’ani, ya ce sharrin Shaiɗan ne da matsin kasuwa, kwantenarsa ce ta maƙale. Na yi masa faɗa sosai, na sa ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ita tana zaune da filasta har gwiwa. Na sa ya kawo mini ƙarfen na jingine shi a bayan ƙofar sitona. Na ji kaina dattijon kirki. Bayan sun fita uwargidana Hajiya, wadda ta san ya dake ta amma ba ta san abin da na yi a asibiti ba, ta ce, “Alhaji, ƙarfen ka ƙwace. Hannun fa?” Na ce mata ku mata ba ku san sulhu ba.

Wata bakwai aka yi. Wata safiya wata maƙwabciyarsu ’yar Filifin ta ji ihu ta bango, ihun da ta ce ba ta taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba, ta kira motar asibiti. Wannan karon ƙafar kujerar ƙarfe ya ɓalle. Ya fara da fuska, haƙora biyu suka zube, ya tattake mata haƙarƙari, sannan ya ja ta da gashi zuwa tsakar falo ya nemi ƙafar hagun nan, ita dai wadda ta warke. Da gangan. Sau uku ya buga, can sama kusa da gwiwa, har ƙasusuwan biyu suka karye, babban ya huda fata ya fito. ’Yarsu tana ƙarƙashin tebur tana kallo. Asibitin gwamnati aka kai ta, inda babu wani Baba da zai yi mata tafinta. Da guntun Turancinta da bakinta cike da jini ta faɗa musu kalma ɗaya, miji, ta yi ta maimaitawa har aka yi mata allurar barci.

An kama shi, an ba da belinsa, an riƙe fasfonsa, magana tana gaban kotu. Ga inda hannuna ya fito. Hajara ta gaya wa ’yan sanda cewa wannan ne karo na biyu, karayar farko ma shi ne. Sai lauyan Nasiru ya je ya karɓo rahoton asibitinmu, da hatimi, da lambar da na sa. Faɗuwa a matakala. Yanzu abin da suke cewa shi ne mace ce mai jiri, ta saba faɗuwa, ga shaida. Kuma wadda ta yi ƙarya a kan ta farko, me zai hana ta yi a kan ta biyu? Maƙwabciyar ihu kawai ta ji, ba ta ga komai ba. Har cewa suke yi uwa mai faɗuwa da ƙarya ba ta dace a bar mata yarinya ba. Kun gani? Ita da ta faɗi gaskiya sau biyu, ni na mayar da ita maƙaryaciya.

Na je na same shi a sitonsa a Al Sabkha da la’asar, yana tsaye a cikin kwalaye yana ba masu dako umarni da Larabci su yi sauri, “Yalla, yalla,” kamar ba abin da ya faru. Ban yi sallama ba. Na ɗauke shi da mari, irin marin da ban taɓa yi wa ɗan cikina ba, na cakumi wuyan rigarsa na ce, “Ɗan banza, Alƙur’anin da ka dafa a falona fa?” Ya ture ni da hannu biyu, na faɗa kan kwalaye, hulata ta yi gefe. Ya sunkuyo ya danne mini ƙirji da gwiwa har numfashina ya tsaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana murmushi.

“Baba, kada ka sa in manta da furfurarka. Ni ƙafar matata na karya. Kai kuwa takardar hukuma ka yi wa ƙarya, da sunanka a jiki. A ƙasar nan wanne ka ga sun fi tsana?”

Na ce, “Allah Ya isa tsakanina da kai.”

Ya ce, “Amin, masoyi. In na shiga gidan yari, khalas, shi ke nan, tare za mu shiga. Ka je ka yi ta sa lambobinka.”

Da ya ɗaga ni sai idona ya faɗa kan wata guduma a ƙasa. Na ɗauke ta. Ba zan yi muku ƙarya ba, na san daidai inda zan buga, yatsa huɗu ƙasa da gwiwa ta waje, na ma san lambar da za a rubuta masa. Wani Bafakistane mai dako ne ya rungume ni ta baya yana ba ni haƙuri da yarensa, “Haji, sabar, sabar,” har gudumar ta faɗi. Na fito titi da tsagaggen leɓe, mutane suna kallon tsoho ba hula.

Shekaranjiya na tattara ƙarfin hali na je duba Hajara. An sa mata ƙarafuna a ƙafar, fuskar ta fara sacewa. Na yi sallama ta amsa, amma ba ta ce Baba ba.

Ta ce, “Malam, sannu da zuwa.”

Na fara kame-kame, ina cewa ƙaddara, ina cewa haƙuri. Ta ɗaga hannu.

“Haƙurin nan na yi shi, ga shi a kwance a gabanka. Ranar nan da Hausa na gaya maka gaskiya, a ɗakin da ni da kai kaɗai muke jin Hausa. Ka ce in bar maka shi. Na bar maka.”

Ta ce, “Ban ce ka yi ƙarya saboda ni ba. Ka je ka faɗi abin da na gaya maka, shi ke nan. Lauyata ta ce a rubuce take so, kafin zaman kotu na mako mai zuwa.” Sai ta juya fuska bango.

To ga inda na tsaya. In na rubuta gaskiya, ba kuskure zan ce na yi ba, cewa zan yi na ji, na juya maganar, na ga gargaɗin likita na rufe fayil. Kora daga aiki ita ce mafi sauƙi, ƙila kotu, ƙila gidan yari, a ƙarshe jirgi. Da ni kaɗai ne da tuni na rubuta, ko dai haka nake gaya wa kaina. Amma Hajiya wankin ƙoda ake yi mata sau uku a mako, kuma da bizar aikina da inshorarsa take kwanciya a kan gadon nan. Ranar da aka kore ni, ita ma an kore ta. Wa zai ba ni tabbacin layin wankin ƙoda a gida ba zai cinye ta ba? In kuwa na yi shiru, Hajara za ta tsaya gaban alƙali a matsayin maƙaryaciya, ƙila ya fita, ƙila a ba shi yarinyar da ta kalli abin nan daga ƙarƙashin tebur. Na yi tunanin bin tsakiya, in ce tafintar ce ta kuɓuce mini, tsufa ne. Amma wannan ba wata ƙaryar ba ce a kan ta farko? Kuma gargaɗin likitar da na tsallake fa, shi ma tsufa ne? Har yau ban gaya wa Hajiya ba. Ba don ina tsoron ta hana ni ba ne. Na san ta shekara talatin da biyar, cewa za ta yi in ɗauki biro yanzu-yanzu, ko da ita za ta mutu. Shi ya sa na kasa gaya mata.

Na yi yawon duniya ina raina mutane, ina cewa waɗannan ba su san rufin asiri ba, waɗancan komai sai ’yan sanda. Yau na ga asirin wa na rufa. Mahaifina bai iya rubuta sunansa da boko ba, amma bai taɓa ɗaura kara a kan ƙarya ba. Ni mai harsuna biyar na ɗaura.

Akwai wata jijiya da ta zagaya saman siririn ƙashin nan, ita ke ɗaga tafin ƙafa in mutum zai taka. Bugu na uku ya murƙushe ta. Likitoci sun ce ƙashin zai haɗe, jijiyar ba za ta dawo ba. Hajara shekararta ashirin da shida, kuma daga yanzu har ƙarshen rayuwarta jan ƙafar hagu za ta riƙa yi, ko na yi magana ko ban yi ba. Wannan ya riga ya tabbata, kamar yadda ya tabbata ba za ta sake ce mini Baba ba. Ƙarfen farko yana nan a bayan ƙofar sitona, takarda da biro suna gabana, Hajiya tana ɗaki tana hutawa bayan wankin yau.

Jama’a, ku gaya mini tsakaninku da Allah, me zan yi?